Lyle Trembath da Kujerun da Ba Kowa

Faɗanmu na farko da Lyle Trembath a kan safar hannu ne. Ta roba, ruwan ɗorawa, irin wadda nake sawa in wanke bayan gida a sinimar Mista Hocking. Na zo da safe na ɗauki bokitina, sai na tarar da ta dama kaɗai a rataye. Na ce ko ɓera. Na buɗe sabon ƙunshi, ba a jima ba ita ma ta hagun ta yi ƙafa. Ɓeran da ya san hagu da dama ban taɓa jin labarinsa ba. Sai na laɓe bayan injin gugguru. Can sai ga gardi, har da furfura a gemu, wanda aka kira ya gyara lasifika, yana sanɗa zuwa wurin bokitina.

"Kai, ɗan Trembath! Ajiye."

Ya daskare da ita a hannu. "Anti Voula, na rantse zan sayo miki wata."

"Kafin ka sayo fa? In sa hannu ɗaya a masai, ɗaya in ɗaga sama kamar mai rantsuwa a kotu?"

"Ba don kaina ba ne," in ji shi. "Wata mata aka rufe a waje. Tun kafin Kirsimeti tana can, ba wanda ya buɗe mata."

Na saki mopa. Na ce wace mata, wane ɗan iskan miji, ya faɗa mini gidan yanzun nan in je in nuna masa aikin tsintsiya. Sai ya sunkuyar da kai ya ce ba a garin nan ba ne. A sararin samaniya ne. A cikin talabijin.

Ta daman da ta rage, da ruwanta da sabulunta, na maka masa a fuska. Na ce ya haɗa su zama biyu. Ya goge ido da hannun riga, ya miƙo mini ita a hankali, ya ce, "Ta hagu kawai ake buƙata."

Haka yake. Ba a iya cin mutuncin Lyle, abin zamewa yake yi a jikinsa.

Shi ne mai gyaran talabijin na garinmu. Duk wata eriya da ke kan kwano, daga tashar jirgin ƙasa har tulin ƙasar mahaƙar ma'adinai, shi ya hau ya ɗaura ta. Bai taɓa aure ba. Da uwarsa ya zauna har ta mutu, bayan nan ya ci gaba da zama a gidan shi kaɗai, falo cike da matattun talabijin da masu su suka ƙi zuwa ɗauka. Ba ya shan giya sai kwalba ɗaya ranar Juma'a, ba ya zagi, kuma in ya gyara wa gwauruwa abu sai ya ce waya ce kawai ta saki, ba sai an biya ba. Rana ta gasa masa wuya da kunnuwa sun zama kamar fatar tsohon takalmi. Mutane na son sa irin son da ake yi wa tsanin maƙwabci, ana tuna shi ne in an buƙata.

Shirin da ya haukata shi sunansa Masu Gadin Barci. Ya taɓa kawo mini kaset na kalla, don in daina yi masa ba'a. Wani ƙaton kumbo ne ɗauke da dubban mutane masu barci, ana kai su wata duniya, 'yan kaɗan ne a farke suna gadi. Suna da al'ada a cikin kumbon: duk wanda zai fita waje gyara, sai ya bar safar aikinsa ta hagu a kan kujerarsa, ba mai zama a wurin sai ya dawo. A kashi na ƙarshe wata mai suna Marit ta ajiye tata, ta fita da igiya a ƙugu. Ƙofa ta rufe a bayanta. Aka nuna ta ƙarama kamar ƙuda a jikin bango, duhu ko'ina, tana buga ƙarfe ba a jin ƙara. Sai aka rubuta za a ci gaba. Ba a ci gaba ba. Kamfanin can Amurka ya ce masu kallo sun yi kaɗan, ya soke shirin, ya sa gasar girki a gurbinsa.

Na ce masa, "To ai shi ke nan. An biya ta kuɗinta, ta cire kwalkwali, ta tafi gida wurin mijinta."

"Wannan 'yar wasan ce," in ji shi. "Ita tana tallar sabulu yanzu, na gan ta. Marit nake faɗa miki. Inda aka bar ta, nan take."

Tsofaffin garinmu duk sun san abu ɗaya game da gidan Trembath. Lyle na ƙarami wuta ta kama a ƙarƙashin ƙasa, aka rasa yadda za a kashe ta, sai masu mahaƙar suka toshe wannan sashe da siminti. Akwai mutane a ciki, ubansa na cikinsu. Waɗanda suka zuba simintin sun ce ba su ji komai ba, amma biyu daga cikinsu ba su sake shiga rami ba har suka mutu. Ban taɓa ce wa Lyle wannan ne ke cin sa ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Bakina na da kaifi, amma na san inda ba a sa wuƙa.

Ashe ba shi kaɗai ba ne mahaukacin. Akwai irinsa ko'ina a duniya, suna haɗuwa a kwamfuta suna ta kuka tare. Su suka shirya a riƙa aika wa kamfanin safar hagu ta gidan waya. Lyle ya bi gida gida. Masu walda, masu lambu, mai yankan nama, har limamin cocin Katolika ya ba da ta hunturu. Shekara da shekaru garinmu ba ka samun safa mai 'yar'uwa. An ce safa ta cika wa kamfanin ɗakin ajiya har sun hana ma'aikacin gidan waya shiga. Ni dai dariya nake yi. Sai wata rana da hantsi ya faɗo cikin sinima yana haki, ya taka mini daɓen da na gama gogewa, ya ce wani kamfani ya sayi labarin, za a yi fim.

"Za su shigo da ita, Anti Voula."

"Su shigo da kai ma. Ɗaga ƙafarka."

Daga baya magana ta fito sarai. Fim uku aka tsara. Na farko kawai aka ba da kuɗinsa. In ya yi kasuwa a yi sauran, in bai yi ba a rufe shago. Kuma masu kwamfutar nan suka sa wa ransu cewa kwanakin farko, Juma'a zuwa Lahadi, su ne komai. A nan ake yanke hukunci, in ji su.

Mu kuwa fim ba ya iso mana sai birnin Adelaide ya gama cinye shi, ya zo duk zane-zane kamar an ja shi a kan tsakuwa. Lyle ya matsa wa Mista Hocking, ya yi waya, ya tuƙa motarsa har birni ya zauna a ofishin masu raba fim kamar mai jiran likita, har suka gaji suka yarda a aiko mana rana ɗaya da manyan birane.

Watan da ya rage, ba maganar da ake yi a ƙofar sinima sai ko zai yi kasuwa. Mista Hocking, wanda ya gaji gidan daga ubansa, ya ga fina-finai sun zo sun wuce kamar motocin tumaki, ya ce masa, "Lyle, abokina, mutanen da suka ƙi kallon abu kyauta a falonsu, da shayi a hannu, su ne za su sa takalmi su biya?"

"An sa shi lokacin da kowa ke barci, shi ya sa. Faifansa fa ya ƙare a kantuna."

"Ku ɗin dai ne kuka saye, kowa uku uku. Ga shi ba wani fitaccen ɗan wasa a ciki. Ga fim ɗin zane na dabbobi masu waƙa zai fito rana ɗaya da shi. Kuma ka duba kalanda? Asabar ɗin nan ce wasan ƙarshe na ƙwallo."

"Ba kowa ke son ƙwallo ba."

Na ce, "A ƙasar nan? Ko gawa aka kawo coci ranar, sai ta jira a tashi wasa."

Bai yi dariya ba. Ya tsaya yana kallon hoton da aka manna a bango, Marit ce a ciki, fuska a bayan gilashi. Sai ya ce, kamar da kansa yake, "To sai mu cika kujerun da kanmu."

Ga yadda suka yi. Akwai masoya shirin da ba su da sinima kusa: wata mata a tsibiri can kudu, wani da ke kwance a asibiti a birnin Darwin, sojan da aka tura ƙasar waje, masu kiwo a daji. Akwai kuma waɗanda suka mutu suna jira, 'yan'uwansu suka ce a saya musu wuri. Kowa ya aiko wa Lyle kuɗin tikiti da safarsa ta hagu, an rubuta suna a wuyanta. Abin da bai cika ba, ya sayar da motar aikinsa ya cike. Ya sayi kowace kujera, kowane nuni, daga Juma'a har Lahadi. Mista Hocking ya ce masa ya yi tunani. Ya ce ya yi. Hocking kuwa ɗan kasuwa ne, sau ɗaya yake faɗa wa mutum ya yi tunani.

Ranar Alhamis da safe na same shi a bayan sinima, durƙushe, yana ɗura jan yashi cikin safa da mazurari, yana ɗaure bakin da zare. Kujerunmu tsofaffi ne masu sifirin, da an tashi sai su naɗe da kansu. Ya gwada ɗora safa haka nan, kujera ta naɗe ta haɗiye ta. Ya ce ba ya so.

"Mutum ba ya zama a naɗaɗɗiyar kujera," in ji shi.

"Wa zai share yashin nan?"

"Ba zai zube ba."

"Ɗan Trembath, tun kana fitsarin kwance nake share ɗakin nan. Duk abin da aka shigo da shi sai ya zube."

Juma'a da azahar aka sa nunin farko. Na shiga kafin lokaci in duba, na kunna fitila, na tsaya a bakin ƙofa ban iya ƙarasawa ba. Na san ɗakin nan a cike, na san shi wayam. Wannan ban san shi ba. Kowace kujera a sauke, layi layi har gaba, kamar an zauna an yi shiru ana jira na. A kan kowace akwai hannu. Yashin ya cika yatsu, sun lanƙwashe kamar na mai rai. Ga na walda ƙato baƙi, ga na lambu da ƙasa a farce, ga na likita fari sol, ga wata 'yar ƙarama ta ulu, ta yaro. A tsakiya akwai ta leshi, irin ta amare, ta yi launin shayi don tsufa. Duk an juya su suna fuskantar allo, tafi a ƙasa. Na yi alamar gicciye, ni da rabona da coci tun jana'izar mijina.

Abin da ba wanda ya zata, mutane suka zo. Ba don sun san Marit ba. Sun ba da safarsu, sun ji surutun Lyle shekara da shekaru, suna so su ga abin da ya cinye masa mota. Iyalin Dunstan suka taso daga gonarsu tun asuba da yara a bayan mota. Masu askin tumaki da aka biya ranar suka zo da wankakkun riguna. Matan ƙungiyar coci suka zo da matashin zama. Layi har bakin kantin magani, abin da rabon mu gani tun ina da baƙin gashi. Suka iso taga suka tarar Hocking ya rataye allon da ke cewa wuri ya cika.

Misis Dunstan ta ce, "Ya cika da wa? Mu ne farko a layi."

Hocking ya ɗaga kafaɗa. Ya ce tikiti an sayar, ba a sayar da kujera sau biyu, su tambayi mai su.

Na ja Lyle gefe. Na ce, "Kai, ka ga mutane masu gindi sun zo. An riga an biya, kuɗin ya shiga, ba abin da zai ragu. Ka kwashe hannuwan nan ka bar su su zauna."

"Ba kujeruna ba ne."

"Na wa?"

Ya kai ni bakin ƙofa yana nunawa. "Waccan ta Graham ce, yana Darwin, an yanke masa ƙafa. Ta leshin ta Marjorie ce. Ta rasu a watan Yuni, 'yarta ta aiko."

"To matacciya ba za ta damu ba in an zauna mata a cinya."

"Ba a zama a wurin wanda ya bar safa, Anti Voula. Sai ya dawo."

"Marjorie za ta dawo?"

Ya dube ni da idon nan nasa na saniya.

Ɗaya daga masu askin, ƙato da zanen maciji a damtse, ya ture ni ya leƙa don ya ga ƙaryar da ake yi musu. Ya daɗe yana leƙe. Da ya juyo, ya cire hularsa, ya ce wa abokansa su tafi mashaya. Ƙaramar 'yar Dunstan ita ma ta leƙa ta ƙarƙashin hannuna, ta fasa ihu. Kafin a fara fim layin ya watse. Kafin yamma duk gari ya ji cewa ɗan Trembath ya kori masu rai yana nuna wa matattu majigi.

Doka ta ce sai da ma'aikaci a ɗaki in ana nuni, don haka na tsaya a baya da tocila. Wurin zama babu, ai an cika. Lyle na gaba can, shi kaɗai ne mai kai a cikin ɗakin.

Fim ɗin ba laifi, in faɗi gaskiya. Amma akwai ƙugin injin kumbon da ba ya tsayawa, ƙasa-ƙasa, irin wanda ake ji a haƙori. Lyle da kansa ya gyara lasifikar don ya fito sosai. Daɓen katako ya riƙa rawa ƙarƙashin ƙafata. Ba a jima ba na fara jin wani sauti, siririn shuu, daga nan, daga can, kamar mutane da yawa na jan numfashi ta haƙora. Yashi ne ke tsiyaya ta ɗinki da ƙofofin yatsu. Na sani, ni na faɗa. Duk da haka gashin hannuna ya miƙe.

Sai bam. Kujera ɗaya a layin baya ta naɗe, dab da ni.

Shiru. Sai wata a gefen hagu. Sai biyu a jere, kamar miji ya tashi matarsa ta bi shi. Duk wanda ya yi aiki a sinima ya san wannan ƙara, ita ce ƙarar fim ɗin da ba a so. Na ga kan Lyle ya juyo. Ya sauka ƙasa ya fara rarrafe tsakanin layuka, yana danne su, yana mayar da safa, ina jin yana raɗa, "Zauna. Don Allah zauna, an kusa." Ya danne ta nan, ta can ta tashi. A allo Marit na jan igiya tana bin jikin kumbo, a ƙasa Lyle na bin kujeru da gwiwa, ɗakin na ta watsewa a hankali ba a ga mai fita ba. Na haska tocila a hanyar fita, ban san me ya sa ba. Hannuna ne ya saba, in an tashi sai in haska wa mutum hanya.

A ƙarshe Marit ta kai bakin ƙofar. Ta buga. Ƙofar ta motsa, ta buɗe kamar faɗin tafi, haske ya faɗo a gilashin fuskarta. Sai duhu, sai sunayen 'yan wasa.

Da aka kunna fitila kusan duk kujerun sun naɗe, yashi ko'ina kamar an yi ambaliya. Ta leshin nan kaɗai a tsakiya ta rage a sauke. Na je na duba. Safar ta zama fanko, ba ƙwayar yashi a ciki, ba ta kai nauyin gashin kaza ba. Hocking ya ce sifirin ne ya mutu. Wataƙila. Amma wannan kujerar na san ta, kullum sai ta doke ni a gwiwa in ina shara. Ranar na zagaye ta. Da na zo washegari ta naɗe, kuma ta ci gaba da dukan gwiwata har aka rufe sinimar.

Lyle ya tsaya da jan yashi har gira, yana murmushi. "Kin gani? An buɗe. A na biyu za ta shiga."

Haka ya yi kwana ukun nan. Tsakanin nuni da nuni ya sake ɗura yashi, ya sake ɗaurewa, ni ina shara ina zaginsa. Ranar Asabar gari ya yi tsit, kowa na gaban talabijin ɗin da Lyle ya gyara masa yana kallon ƙwallo, mu biyu muna cikin duhu da rana tsaka muna sauraron kujeru na tashi.

Litinin labari ya zo cewa fim ɗin ya yi abin kirki a kwanakin farko, ba na ɗaya ba, amma ba abin kunya. Lyle ya sayo mini furanni a gidan mai. Hocking ya dube shi ya ce, "Bari mu ga mako mai zuwa."

Mako na biyu ba wanda ya zo. Ko mutum ɗaya. Waɗanda aka kora sun yi fushi, waɗanda ba a kora ba sun ce ba za su zauna inda hannun mamaci ya kwana ba. Lyle ya tsaya a titi yana roƙo, sai a ce masa, "Ai mun ji an cika." Kuma ashe a birane ma kusan haka aka yi. Masoyan sun zuba duk ƙarfinsu a kwanakin farko, kowa ya shiga sau uku sau huɗu, ya sayi kujerun da ba mai zama. Da mako ya juyo aljihu ya bushe, ba kuma baƙon da ya gani balle ya gaya wa maƙwabcinsa. Hocking ya zaunar da shi ya yi masa bayani a hankali.

"Masu kuɗin nan ba wawaye ba ne, Lyle. Sun san ku za ku zo. Abin da suke jira su gani shi ne ko wani zai biyo bayanku. Da ka bar Dunstan da yaransu sun shiga, da sun koma sun gaya wa gonaki biyar."

"Amma mun cika ɗakin."

"Kun cika shi."

Aka mayar da fim ɗin kafin wa'adi, aka kawo dabbobi masu waƙa. Kafin shekara ta ƙare kamfanin ya sanar cewa babu na biyu.

Na ɗauka zai fashe da kuka ko ya fasa wani abu. Bai yi ba. Ya ci gaba da aiki, yana ɗaukar tsani a kafaɗa da ƙafa tunda ba mota. Aikin ma ya yi ta raguwa, talabijin ta zama abin da in ta lalace ake jefarwa. Sai dai mutane suka fara cewa in ya hau kwano yana daɗewa, ya gama ɗauri ya tsaya kai a sama da rana tsaka. Wata tsohuwa a layinmu ta kira shi ya dawo, don ya bar mata eriya tana kallon sama tsaye, ba abin da take kamawa sai shuu.

Duk Litinin da safe sai ya zo ya zauna a matakala ina goge-goge. Ba ya taka mini daɓe kuma. Can sai ya ce, "Da gara ba su buɗe ba sam. Da ba ta ga hasken ba."

Ko ya ce, "Kina ganin tana jin sanyi?"

In ce, "Ina ganin kana buƙatar mata, ko kare."

Ya yi murmushi ya tafi.

Baƙin tabon da ke bayan kunnensa ni na fara gani, na ce ya je a duba, ya ce ƙuna ce ta rana. Ranar ce kuwa. Kafin ya je, ciwon dajin ya bi jiki. Aka kwantar da shi a asibitin gari, ɗakin ƙarshe mai kallon tulin ƙasar mahaƙa. Mutane sun je, in faɗi gaskiya. Har Misis Dunstan ta aiko da kek.

Na je wata Laraba da la'asar da miyar lemun tsami da ƙwai a kwano. Ya ƙanƙance, hannuwansa a kan bargo kamar ba nasa ba. Akwai talabijin a manne a bango, hoton na rawa, ya ce da yana da ƙarfi da ya gyara musu. Ya sha cokali biyu don kada in yi masa faɗa. Sai ya zuba wa silin ido har na ɗauka ya yi barci.

"Anti Voula."

"Ina ji."

"Na yi ta tunani. In na tafi, a garin nan ba sauran wanda ya san tana can. Masu kwamfutar ma sun watse, sun koma wani shiri. In ba mai tunawa, ko ƙofar ma ba za ta..." Ya juyo da kai da ƙyar. "Wa zai shigo da ita?"

Na rufe kwanona, na ɗaure shi a ɗankwali. Na gyara masa bargo, na ɗauki jakata. Ma'aikaciyar jinya na bakin ƙofa tana nuna mini agogo.

Na ce, "Ka ishe ni, ɗan Trembath. Ka roƙi Amurka, ka roƙi Adelaide, ka roƙi kujeru. Kai mai gyara ne ko ba kai ba? Tunda can sama ka nufa, tashi ka buɗe mata da kanka."